Tambayoyi da Amsoshi Kan Cire Jijiyar Haƙori da Wankin Saiwarsa

Yawancin masu ciwon haƙori ba sa isa gaban likita sai bayan sun gwada kanumfari da ruwan gishiri da abin da mai kemis ya ƙulla musu, kuma a lokacin da suka isa, cutar ta riga ta wuce bayan haƙorin ta shiga cikinsa. A wannan mataki zaɓi biyu ne kawai ya rage, ko dai a cire haƙorin, ko a buɗe shi a kwashe jijiyar da ta lalace, a wanke saiwar, a cike ta, a rufe. Tambayoyin da ke ƙasa sun shafi hanya ta biyu, wadda mutane suka fi kira da kashe jijiya ko cire jijiya.

Mene ne a cikin haƙori da har zai kamu da cuta?

Haƙori ba dunƙulallen ƙashi ba ne. Daga waje akwai farin ɓawo mai sheƙi, wanda babu abin da ya kai shi tauri a jikin ɗan Adam, kuma ba ya jin komai. A ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai ɗan launin rawaya da ake kira dentin, wanda ke cike da ƙananan kafofin da ido ba ya gani. A can tsakiya kuma akwai wani ɗan ɗaki mai ɗauke da nama mai laushi, wato ɓargon haƙori, wanda ya ƙunshi jijiyoyin ji da ƙananan hanyoyin jini. Daga wannan ɗaki wasu siraran kafofi suke gangarawa ta cikin saiwa har su fita a ƙarshenta, cikin ƙashin muƙamuƙi. Haƙoran gaba galibi kafa 1 suke da ita, amma turame, wato manyan haƙoran tauna na baya, sukan zo da kafofi 3 ko 4, wasu a lanƙwashe, shi ya sa aikinsu ya fi ɗaukar lokaci kuma ya fi tsada.

Ta yaya ƙwayoyin cuta suke kaiwa can ciki?

Babbar ƙofarsu ita ce ruɓewa. Ƙwayoyin cutar da ke manne a jikin haƙori suna cin sukarin da ya rage a baki, na shayi ne ko na lemon kwalba ko na alewa, su fitar da wani ruwa mai tsami da ke narkar da ɓawon haƙori sannu a hankali har ya yi kogo. Idan ba a yi ciko ba, kogon yana ci gaba da zurfi har ya tarar da ɓargo. Sauran ƙofofin su ne tsagewar haƙori wajen fasa ƙashi ko buɗe murfin kwalba, tsohon cikon da ya fara yoyo ta gefe, da bugun da ya katse hanyar jinin haƙori, kamar na faɗuwa daga babur. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2022 cewa kimanin mutum biliyan 2 ne ke da ruɓewa a haƙoransu na dindindin, ga kuma yara miliyan 514 masu ruɓewa a haƙoran nono.

Batun tsutsar haƙori kuwa, wanda har yanzu ake yi a kasuwanninmu, tsohon zance ne da ya samo asali tun zamanin mutanen Mesofotamiya na da, wato yankin Iraƙi ta yau, kuma likitan haƙori ɗan Faransa Pierre Fauchard ya yi watsi da shi tun a ƙarni na 18. Babu tsutsa a cikin haƙori. Abin da ya tabbatar da cewa ƙwayoyin cuta ne tushen matsalar shi ne gwajin da wani mai bincike mai suna Kakehashi da abokan aikinsa suka yi a Amurka a 1965. Sun huda haƙoran ɓerayen da aka raina a wurin da babu ƙwayar cuta ko ɗaya, sai ɓargon ya warke da kansa, alhali a ɓerayen da ke da ƙwayoyin cuta a baki ɓargon ya mutu ya tara mugunya.

Waɗanne alamu ne ke nuna cewa ciwon ya kai jijiya?

Idan ruwan sanyi ko abu mai zaƙi ya taɓa haƙori ya yi zut, sannan zafin ya ɗauke cikin 'yan daƙiƙoƙi, yawanci ɓargon bai lalace ba tukuna, kuma ciko kaɗai zai iya wadatarwa. Lamari ya canza idan zafin ya ci gaba da zugi bayan an haɗiye ruwan, ko ya taso haka nan ba tare da an ci komai ba, musamman da dare idan mutum ya kwanta, saboda kwanciya tana ƙara matsin jini a kai, shi kuwa ɓargon da ya kumbura ba shi da wurin buɗawa a cikin ɗaki mai bangon dutse. Akwai matakin da shayi mai zafi ke tayar da ciwon, ruwan sanyi kuma ya kwantar da shi, har a ga majiyyaci ya shigo asibiti riƙe da ledar ruwa mai sanyi yana kurɓa yana guntsewa a gefe ɗaya na baki. Likitan da ya ga haka ya san inda aka kwana tun kafin ya duba.

Daga baya haƙorin kan yi kamar ya fi sauran tsawo, ya ƙi yarda a tauna da shi. Wani lokaci yakan yi duhu, wani lokaci kuma wani ɗan ƙurji ya fito a dasashi daidai saiwarsa, ya fashe ya fitar da ruwa mai gishiri-gishiri da wari, ya lafa, bayan makonni ya sake cika. Zafin yana iya ruɗar mai shi, ya ji shi a kunne ko a haƙorin sama alhali na ƙasa ne mai matsalar, don haka likita ba ya dogara da inda aka nuna masa da yatsa. Zai ƙwanƙwasa haƙoran ɗaya bayan ɗaya, ya ɗora musu audugar da aka sanyaya, sannan ya ɗauki hoto.

Haƙorina ya yi mako yana hana ni barci, sannan ya daina da kansa. Ke nan na warke?

A'a, kuma wannan ne kuskuren da ya fi jawo wa mutane asarar haƙori. Ɓargon da ya kai wannan matsayi ba ya farfaɗowa. Abin da ya faru shi ne jijiyar ta mutu, ta daina aika saƙon zafi, amma ƙwayoyin cutar da suka kashe ta suna nan, sun ma samu wurin zama mai ɗumi da abinci, wanda jini ba ya shiga balle sojojin jiki su kai musu hari. Daga nan suke gangarawa su fita ta ƙarshen saiwa, jiki kuma ya shiga narkar da ƙashin da ke kewaye da wurin don ya killace su. Wannan yana iya ɗaukar watanni ko shekaru ba tare da wani zafi ba, sai dai a hoto a ga baƙin da'ira a ƙarshen saiwar. Ranar da garkuwar jiki ta yi rauni, saboda zazzaɓi ko juna biyu ko hawan sukari, sai mutum ya wayi gari da kumburarren kunci.

Me ya sa ba za a rubuta mini maganin kashe ƙwayoyin cuta in sha in huta ba?

Saboda duk maganin da aka haɗiya ta jini yake bi ya isa inda ake buƙatarsa, shi kuwa haƙorin da ɓargonsa ya mutu babu jinin da ke shiga cikinsa. Amoksisilin da Flagyl za su iya rage kumburin da ke kewaye da saiwa na ɗan lokaci, amma ba sa taɓa matattarar cutar. Lamarin kamar rijiyar da dabba ta faɗa ta mutu a ciki ne, duk abin da aka zuba daga sama ba zai gyara ruwan ba sai an shiga an fitar da mushen an yashe ta. Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Amurka ta fitar da ƙa'ida a 2019 cewa kada a ba babban mutum mai lafiya irin waɗannan magunguna don ciwon jijiyar haƙori kawai, sai dai idan cutar ta fara yaɗuwa, da zazzaɓi da kasala. Shan su a kai a kai ba bisa ƙa'ida ba yana koya wa ƙwayoyin cuta jure musu, ta yadda ranar da aka buƙace su da gaske ba za su yi aiki ba.

Yaya ake yin aikin, daga farko zuwa ƙarshe?

Bayan hoto, likita zai yi allurar kashe zafi a dasashi, ya jira har leɓe ya yi nauyi. Sannan zai shimfiɗa wani ƙyallen roba mai huda ɗaya a kan bakin, ya fito da haƙorin da za a yi wa aiki shi kaɗai ta hudar, ya danne da wani ɗan maƙalin ƙarfe. Wani likita a birnin New York mai suna Sanford Barnum ne ya ƙirƙiro wannan dabara a 1864, kuma har yau babu abin da ya maye gurbinta, domin tana hana yawu mai cike da ƙwayoyin cuta komawa cikin haƙorin, tana kuma hana ƙananan kayan aiki da ruwan wanki faɗawa maƙogwaro. A ganina majiyyaci yana da haƙƙin ya tambaya ko za a yi amfani da ita tun kafin ya hau kujera.

Daga nan za a huda saman haƙorin a shiga ɗakin ɓargo, a nemo bakin kowace kafa. Ana auna tsawon kowace ɗaya da wata na'ura mai ƙara idan an kai ƙarshen saiwa, a tabbatar da hoto, saboda kuskuren milimita 1 ko 2 yana da tasiri, a haƙorin da tsawonsa gaba ɗaya bai wuce milimita 20 zuwa 27 ba. Sai a shiga da wasu siraran allurai masu kaifi irin na zarto, kowace da launin mariƙinta gwargwadon kaurinta, ana kankare bangon kafar ana faɗaɗa ta daga ƙarama zuwa babba. Tun daga ƙarshen shekarun 1980 aka fara ƙera su da gaurayen ƙarfen nikel da taitaniyam, wanda ke lanƙwasa ya bi karkatacciyar saiwa ba tare da ya huda gefenta ba.

Sai dai ba allurar ce ke kashe ƙwayoyin cuta ba, ruwan wankin ne. Tsakanin kowace allura da mai bi mata ana ɗura wani ruwan sinadarin kulorin, dangin bilicin wankin tufafi amma wanda aka tsarma daidai da aikin asibiti, shi ya sa majiyyaci kan ji ɗan warinsa. Wannan ruwa yana narkar da ragowar naman da ya mutu, ya shiga lungunan da ƙarfe ba ya kaiwa. Idan kafofin sun yi tsaf, sai a tsane su da 'yan tsinkayen takarda, a cike su da wani danƙo mai launin ruwan hoda da ake kira gutta-percha, wanda ake samu daga ƙaron wasu itatuwa na yankin Malesiya, tare da wani siminti mai toshe giɓi. Likitoci sun fi shekara 150 suna amfani da wannan danƙo. A ƙarshe a rufe hudar da ciko, a sake ɗaukar hoto a ga ko cikon ya kai ƙarshen kowace saiwa.

Akwai zafi?

Idan allura ta kama, abin da ake ji shi ne motsi da dannawa da gajiyar buɗe baki. Haƙorin da ke tsakiyar zugi, musamman turmin ƙasa, yakan yi gardama wajen kamuwa, don haka idan mutum ya ji zafi ya ɗaga hannu a ƙara masa allura, babu jarumtaka a cikin daurewa. Bayan aiki haƙorin kan yi tsami idan aka tauna da shi na kwana 2 zuwa 3, wani lokaci har mako, kuma farasitamol ko ibufurofen sun isa. Kada a ci abinci sai leɓe ya saki, don mutane da yawa sun tauna harshe ko kunci ba su sani ba.

Sau nawa zan je, kuma me zai faru idan ban koma ba?

Zama ɗaya yakan ɗauki awa 1 zuwa awa 1 da rabi. Haƙorin gaba mai kafa ɗaya ana iya gama shi a zama guda, amma idan akwai mugunya ko kafofi da yawa, likita zai zuba wani farin magani mai suna kalsiyam haidiroksaid a ciki, ya rufe da cikon wucin gadi, ya ce a dawo bayan mako 1 ko 2.

A nan ne aiki mai yawa yake lalacewa. Zaman farko shi ne ke ɗauke zafin, sai majiyyaci ya ga ya samu barci, ya juya kuɗin zama na biyu zuwa wata buƙata, ya ce sai an kwana biyu. Shi kuwa cikon wucin gadi an yi shi ne don makonni kaɗan, yana goguwa da tauna, yawu ya fara tsiyaya ciki, ƙwayoyin cuta su koma kafofin da aka riga aka faɗaɗa musu. Haƙorin kuma a rarake yake, kwana ɗaya ƙashin nama ko tsakuwar shinkafa za ta raba shi biyu har saiwa, kuma haƙorin da ya tsage haka ba shi da magani sai cirewa. Wanda ya san ba zai iya kammalawa ba, gara ya faɗa wa likita gaskiya tun farko su tsara abin da zai yiwu.

Dole ne a sa wa haƙorin hula bayan an gama?

Ga turame da haƙoran da ke kusa da su, kusan dole ne, saboda su ne ke ɗaukar nauyin tauna, kuma ruɓewa da huda sun riga sun cinye musu bango. Hular, wato murfin da ake ƙerawa a kifa a kan haƙorin, tana kewaye shi ta ɗaure shi, ta kuma toshe duk wata hanyar yoyo. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2004, wanda ya bi diddigin haƙora sama da miliyan 1.4 da aka yi wa wannan aiki, ya gano cewa kashi 97 cikin 100 suna nan a baki bayan shekara 8, kuma daga cikin waɗanda aka cire, kashi 85 cikin 100 ba a sa musu hula ba. Haƙorin gaba wanda bai rasa jiki da yawa ba yana iya wadatuwa da farin ciko. Ya kamata a tambayi kuɗin hula tun ranar farko a haɗa shi cikin lissafi, maimakon a ji shi daga baya kamar an ƙaro wani sabon abu.

Ashe cirewa ba ta fi sauƙi da araha ba?

A ranar, ta fi. Amma giɓin da aka bari ba ya zama yadda yake. Haƙoran da ke gefe suna karkatowa cikinsa, na sama ko na ƙasa da ke fuskantarsa yana zarowa, abinci ya riƙa maƙalewa a sababbin wurare, ƙashin wurin kuma ya riƙa shanyewa. Maye gurbinsa da haƙorin roba mai cirewa, ko gada, wato haƙorin da ake maƙalawa a jikin maƙwabtansa, ko dashen ƙarfe a cikin ƙashi, duka kuɗi ne, kuma dashe ya ninka kuɗin wankin saiwa. Duk da haka akwai inda cirewa ce daidai, kamar haƙorin da ya ruɓe har ƙarƙashin dasashi babu abin da hula za ta kama, wanda ya tsage a tsaye, wanda ke girgiɗi saboda ciwon dasashi ya cinye ƙashinsa, da yawancin turamen ƙarshe da ke fitowa bayan balaga. Abin da ba zaɓi ba ne shi ne a bar shi haka nan.

Haƙorin da aka cire wa jijiya matacce ne? Shekara nawa zai yi?

Cikinsa ne kawai ba shi da rai. Saiwarsa tana nan manne da ƙashi ta hanyar wasu zaruruwa masu jini da jijiya, don haka mutum zai ci gaba da jin tauna, sai dai ba zai ji sanyi ko zafi da shi ba. Idan an yi aikin da kyau an kuma rufe shi da kyau, yana iya kaiwa ƙarshen rayuwa. Amma yana iya sake ruɓewa kamar kowane haƙori, kuma wannan karon babu jijiyar da za ta yi gargaɗi, saboda haka burushi da man goge baki mai fuloraid safe da dare ba su faɗi ba. Asuwaki yana da amfani wajen share saman haƙori, sai dai ba ya shiga tsakanin haƙora, kuma a nan ne ruɓewa ta fi ɓuya.

Ƙashin da cuta ta narkar yana cikowa a hankali, don haka ana so a koma a ɗauki hoto bayan shekara 1, kuma babban rami yana iya ɗaukar har shekara 4 kafin ya rufe. Idan bai warke ba, yawanci dalilin shi ne wata kafa da ba a gano ba, musamman ta huɗu a turmin sama, ko cikon da bai kai ƙarshe ba, ko yoyo daga sama. Akan sake buɗewa a kwashe tsohon danƙon a wanke, ko a yi ƙaramar tiyata ta dasashi a yanke ƙarshen saiwar. Yakan faru kuma allurar kankare saiwa ta karye a cikin kafa. Ba kullum ne hakan ke lalata aikin ba, amma wajibi ne likita ya sanar da majiyyaci.

Na ji ana cewa wannan aiki yana jawo ciwon daji da ciwon zuciya. Gaskiya ne?

Wannan zance ya samo asali ne daga farkon ƙarni na 20, lokacin da wani likitan haƙori mai suna Weston Price ya yi gwaje-gwaje da zomaye, ya ce haƙoran da aka yi wa aikin ne ke watsa cututtuka a jiki. A dalilin wannan ra'ayi an cire wa dubban mutane haƙora masu yawa a Amurka da Ingila, ba su kuma warke daga cututtukan nasu ba. Masu binciken da suka biyo baya sun gano cewa gwajin nasa ba shi da tsabta ko ma'aunin kwatanci, kuma tun shekarun 1950 likitoci suka ajiye shi. Babu ingantacciyar hujjar da ta danganta aikin da ciwon daji. Haƙorin da ke ɗauke da mugunya ba a taɓa shi ba, shi ne abin tsoro.

Mai juna biyu, mai ciwon sukari da mai sikila fa?

Dukansu ana yi musu, matuƙar sun faɗa wa likita halin da suke ciki. Allurar kashe zafi ta lidoken ba ta cutar da ciki, hasken hoton haƙori ɗaya kuma kaɗan ne ƙwarai. An fi jin daɗin yin aikin a tsakanin wata na 4 da na 6, amma idan akwai mugunya ba a jiran haihuwa. Mai ciki ta guji ibufurofen, musamman a watannin ƙarshe, ta tsaya a kan farasitamol. Mai ciwon sukari ya ci abinci ya sha maganinsa kafin ya zo, ya kuma sani cewa mugunya tana hauda sukari, hawan sukari kuma yana jinkirta warkewa. Masu sikila, waɗanda suke da yawa a ƙasar Hausa, ɓargon haƙorinsu yana iya mutuwa ko da babu kogo, saboda toshewar ƙananan hanyoyin jini, kuma cuta a baki tana iya tayar musu da ciwo. Wanda aka canza wa bawul na zuciya da mai shan maganin tsinka jini su ma su yi bayani tun kafin a fara.

Yaro ma ana yi masa? Idan haƙori ya fita gaba ɗaya a haɗari fa?

Haƙoran nono guda 20 suna riƙe wa na dindindin wuri, don haka idan ruɓewa ta kai ɓargo akan cire na saman kawai a bar na saiwa, ko a cike kafofin da maganin da ke narkewa tare da saiwar idan lokacin famfara ya yi. Iyaye su lura da turmin farko na dindindin, wanda ke fitowa a bayan haƙoran nono wajen shekara 6 ba tare da wani ya faɗi ba. Da yawa suna ɗaukarsa na nono ne su bar shi ya ruɓe, alhali ba shi da magaji.

Idan haƙorin dindindin ya fita ɗungurungum, a ɗauke shi ta kansa, kada a taɓa saiwar ko a kankare ta. Idan ya yi ƙasa a ɗauraye shi kaɗan da madara, a mayar da shi raminsa nan take, a ciji tsumma mai tsabta, a nufi asibiti. Idan hakan ta gagara, a saka shi cikin madara, kada a saka a ruwan famfo ko a naɗe a takarda, a yi ƙoƙarin isa cikin awa 1. Likita zai ɗaure shi da maƙwabtansa, kuma a babban mutum za a wanke saiwar cikin mako 2. Haƙorin nono ba a mayar da shi.

Yin aikin da rana yana karya azumi?

Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1997, ta sanya huda haƙori da cire shi da wanke shi cikin abubuwan da ba sa karya azumi, matuƙar mutum ya kiyaye haɗiye abin da ya kai maƙogwaro. Ƙyallen roba da injin zuƙe ruwa suna sauƙaƙa hakan. Abin da zai fi wahala shi ne maganin rage zafi bayan allura ta saki, don haka zaman yamma ya fi dacewa. Mai neman ƙarin natsuwa ya tuntuɓi malaminsa, amma kumburi ba ya jiran Sallah.

Me zan yi kafin in samu ganin likita?

Farasitamol da ibufurofen tare sun fi kowane ɗaya shi kaɗai aiki a ciwon haƙori, amma babban mutum kada ya wuce giram 4 na farasitamol a yini, mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda kuma ya bar ibufurofen. Kuskure baki da ruwan ɗumi mai gishiri da tada kai da matashi lokacin barci suna taimakawa. Kanumfari yana da sinadarin yujinol mai dusashe zafi, wanda su kansu likitoci ke amfani da shi a wasu simintinsu, amma sauƙi ne na ɗan lokaci. Kada a ɗora asfirin a kan dasashi, domin yana ƙona shi ya bar farin gyambo, haka nan ruwan batir da fetur da man birki da wasu ke ɗigawa a kogo guba ne. Kada kuma a gasa kumburin kunci da ruwan zafi ko a kai wa wanzami ya tsaga.

Yaushe ne lamarin ya zama na gaggawa?

Idan kumburi ya gangara ƙarƙashin haɓa ko wuya, ko ya hau har ya fara rufe ido, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko harshe ya ɗago, murya ta canza, haɗiyar yawu ko numfashi ya yi wuya, ko zazzaɓi mai zafi ya rufe mutum, to a tafi sashen gaggawa na babban asibiti a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne. Mugunyar turmin ƙasa tana iya mamaye ƙasan baki ta toshe hanyar iska cikin awanni, yanayin da likitan Jamus Wilhelm von Ludwig ya bayyana a 1836 kuma har yau ake kiransa da sunansa. A nan ne magungunan kashe ƙwayoyin cuta suke da muhalli, ta jijiyar jini, tare da tsaga wurin a fitar da mugunyar.

Wa ya kamata ya yi mini, kuma a ina?

Aikin cikakken likitan haƙori ne, wanda a Najeriya yake da rajista da Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta ƙasa. Jami'an da ke wankin haƙori da masu ƙera haƙoran roba suna da nasu fannin mai muhimmanci, amma wankin saiwa ba ya cikinsa. Asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano a Kano, da na Jami'ar Maiduguri, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato suna da sashen haƙori, haka ma asibitoci masu zaman kansu da dama a manyan birane. Duk inda mutum ya je, ya tambaya ko suna da na'urar hoto a wurin, domin ba a yin wannan aiki da lalube, ya tambayi yawan zuwan da zai yi da jimillar kuɗin har da hula, sannan ya nemi a nuna masa hoton farko da na ƙarshe ya ajiye kwafinsu, saboda da su ne duk likitan da ya duba shi bayan shekara zai gane ko ƙashin yana cikowa.